Furen hantsi: ƴar shukar da ta san halin ruwan Damagaram

Duk wanda ya zauna Damagaram ya san ruwa a garin nan ba abin wasa ba ne. Garin a kan dutse yake zaune, shi ya sa rijiya ba ta cika yin albarka a cikinsa ba, ruwan famfon da muke sha ma daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Machaya, da Arunguza, da kuma Ganaram. Masana tarihi na lissafa ƙarancin ruwa a cikin dalilan da suka sa Turawan Faransa suka ɗauke babban birnin ƙasa daga nan suka mai da shi Yamai a shekarar 1926. To a garin da in bazara ta kama sai uwargida ta jira ɗan ga-ruwa kafin ta ɗora tukunya, wanda duk ya ce mata ta shuka fure a tsakar gida ba mamaki ta yi masa kallon wanda bai san kuɗin bido ba. Kuma tana da gaskiya, domin yawancin furannin da masu lambu ke sayarwa mashaya ruwa ne, kwana biyu aka yi ba a ba su ba sai su langaɓe.

Sai dai akwai wata ƴar shuka mai yaɗo a ƙasa wadda halinta ya saɓa da na sauran. Ita yawan ruwa ya fi ƙishirwa saurin kashe ta. Da Faransanci ana ce mata pourpier, masana tsirrai kuwa suna kiran ta Portulaca grandiflora. Mu a wannan shafi za mu ce mata furen hantsi, saboda sai rana ta ɗaga take buɗe ido, in rana ta karkata kuma ta rufe. Ba mu kaɗai muka lura da wannan hali nata ba: a Birazil sunanta "ƙarfe goma sha ɗaya", a Biyetnam kuma "furen ƙarfe goma".

Ƴar uwar harshen saniya ce

Asalinta daga Kudancin Amurka ne, yankin Ajantina da Urugwai da kudancin Birazil, kuma wani masanin tsirrai ɗan Birtaniya mai suna William Hooker ne ya fara bayyana ta a rubuce a shekarar 1829. Amma danginta ba baƙi ba ne a wurinmu. Harshen saniya, wannan ciyawa mai jan kara da kaurin ganye da ke fitowa da kanta a lambuna da bakin juji in damina ta sauka, gidansu ɗaya. Bambancin shi ne harshen saniya ganyensa na da faɗi, furensa ƙarami ne ruwan ɗorawa, ita kuwa furen hantsi ganyenta sirara ne masu tsini, furenta kuma babba, akwai ja, da fari, da ruwan ɗorawa, da ruwan hoda, da ruwan goro. Wani mai falle ɗaya ne, wani kuma mai ninki ne kamar ƙaramin wardi. Tsayinta ba ya cika wuce taƙi ɗaya, yaɗuwa take yi ta rufe ƙasa kamar an shimfiɗa darduma. Kowane fure yini ɗaya yake yi, amma gobe wasu za su buɗe.

Sirrin juriyarta yana cikin ganye da kara. In kika murje ganye ɗaya za ki ga ruwa mai ɗan yauƙi ya fito, wato randarta a jikinta take. Bayan haka, in ƙishirwa ta tsananta, tsirran wannan gida sukan toshe ƴan kafofin numfashin da ke jikin ganyensu da rana, sai dare ya yi iska ta yi sanyi su buɗe su shaƙi abin da suke bukata, ta haka ruwan jikinsu ba ya tsiyayewa a banza. A shekarar 2022 masu bincike a jami'ar Yale ta Amurka sun fitar da sakamakon nazarin da suka yi a kan wannan dabara a jikin harshen saniya, da fatan wata rana za a amfana da ita wajen samar da amfanin gona mai jure fari. Ciyawar da muke nomewa muna zubarwa ke nan. Don haka a garin da ruwan sama bai cika wuce milimita 400 a shekara ba, kuma zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, wannan shuka kamar don mu aka yi ta.

Yadda ake dasa ta

Abu na farko shi ne rana. Ki nemi wurin da rana ke dukansa aƙalla awa shida a yini. In kika sa ta ƙarƙashin dogon yaro ko cikin rumfa don tausayi, za ta yi dogayen kara ta ƙi yin fure.

Na biyu ƙasa. Rairayinmu da sauran furanni ke ƙi shi take so. Ki haɗa rairayi kashi biyu da tsohon takin awaki ko na tumaki kashi ɗaya, wanda ya riga ya ruɓe ya huce. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yawan taki kuma ganye yake kawowa, fure ya yi ƙaranci. Laka mai riƙe ruwa ba ta yi.

Mazubi ba sai an saya ba. Gwangwanin tumatir, bidon da ya fashe aka yanke shi biyu, tsohuwar taya, kwanon da ya ɓule, duk suna yi. Tukunyar ƙasa irin ta Mirriya da ta tsage har aka daina zuba mata ruwa ta fi kowanne, domin tana numfashi kuma ba ta ɗaukar zafi kamar ƙarfe. Ko mene ne dai, a huda gindinsa da ƙusa wuri uku ko huɗu, a zuba tsakuwa ko tsingaro a ƙasa kafin a cika shi.

Hanya mafi sauƙi ita ce dashen kara. Ki roƙi maƙwabciya ta tsinko miki ƴan rassa masu tsawon yatsa, ki zage ganyen da ke gindi, ki ajiye su a inuwa su kwana ɗaya bakin ciwon ya bushe, sannan ki soka su a ƙasa mai ɗan danshi, tsakanin kowane biyu taƙi ɗaya. Cikin mako ɗaya zuwa biyu sun yi saiwa. Dashen kara yana da wata fa'ida kuma: launin uwar shi ƴar za ta ɗauko.

Mai son shuka iri ta duba bayan fure ya bushe, za ta ga ɗan ƙoƙo mai murfi cike da ƙwayoyi ƙanana kamar garin barkono. A cuɗa su da rairayi a barbaɗa a sama, kada a binne, domin sai sun ga haske suke tsirowa. A yayyafa ruwa a hankali da hannu, a kuma sa ido a kan tururuwa, don tana kwashe su. Sai dai iri yakan ba da mamaki, a shuka na jan fure mai ninki ya fito da wani launi dabam.

Ban ruwa

Nan ne akasari ake yin ɓarna. Makon farko a riƙa ɗan jiƙa ƙasar kullum ko bayan kwana biyu. Da zarar ta kama, sai a ja hannu. Ma'aunin yana yatsarki: ki soka shi a ƙasa, in kin ji danshi ki ƙyale ta, in kin ji ƙasa ta bushe ki ba ta. Da bazara wadda ke ƙasa sau biyu a mako ya ishe ta, ta gwangwani kuwa ta fi saurin bushewa, tana iya neman ruwa bayan kwana biyu. Da hunturu takan rage fure da girma, sau ɗaya a mako ya wadatar. Da damina, musamman a watan Agusta, aikinki shi ne ki tabbata ruwa bai kwanta a gindinta ba. In kika ga kara ya yi laushi ya yi baƙi daga ƙasa, ruwa ya yi yawa ke nan, sai ki yi maza ki tsinke rassan da ke da lafiya ki sake dasa su a busasshen wuri.

Kuma ba sai an taɓa ruwan sha ba. Ruwan alwala, da na wankin shinkafa, da wanda masu sayar da salati da tumatir ke wanke kayansu da shi su watsar a hanya, duk ya isa. Wanda za a guje wa shi ne ruwan wanki mai omo ko javel, da mai gishiri ko maiƙo. A zuba a gindi da sassafe ko da yamma. Kada kuma a bar ruwa ya taru a faranti a ƙarƙashin gwangwani, kada garin neman ado a yi wa sauro gida.

Abokan gabanta ba su da yawa. Akuya da kaji su ne a gaba, don haka a ɗora gwangwanin a kan katanga ko a kewaye da ƙaya. In ƙananan ƙwari masu tsotson ganye suka taru a kan toho, a daka ƴaƴan dogon yaro a jiƙa su kwana, a tace a yayyafa da yamma. In rassa sun yi tsawo sun fara tsufa, a rage su da rabi, za su sake toho, abin da aka yanke kuma sabon dashe ne. A tuna ba ta jure taki da ƙafa, wurinta gefen bango da bakin ƙofa, ba kan hanya ba. Kuma duk da harshen saniya ana cin sa a ƙasashe da dama, ita wannan ta ado ce, ba ta miya ba, a hana yara tauna ta.

Ga ƴan kasuwa

Mai shago ko mai tebur da ya jera gwangwani uku a gabansa ya sami abin jan ido da bai kashe masa komai ba, wadda aka dasa a ƙasa kuma tana riƙe rairayi, ta rage ƙurar da iska ke ɗebowa ta zuba a kan kaya. Sannan ga ƴar sana'a ga mai so. Jarinta gwangwanin da za a yar, da rairayi, da rassan da ake samu kyauta. A misali, in mace ta raini gwangwani ashirin ta sayar da kowane ɗaya dala ashirin, jaka biyu ke nan. Amma ta kiyaye abu ɗaya: ta fito da su kasuwa da hantsi. Wadda ta kai kayanta Kasuwar Dole ranar Alhamis bayan la'asar za ta tarar duk furen ya rufe, mai saye kuwa da ido yake ciniki, ba zai ba da kuɗinsa a kan ciyawa ba. Ta kuma gaya wa mai sayen gaskiya cewa rana take so, ba ɗaki ba, don kada ya kai ta falo ta mutu ya ce an cuce shi.

Ba mu ce furen hantsi zai maye gurbin itace ba. Ba ya ba da inuwa, ba ya cika tukunya, wanda ke da fili da hali ya dasa zogale da dogon yaro tukuna. Amma ga wadda ke zaman haya a Birni ko Zango ko Sabon Gari, wadda duk filinta bai wuce bakin ƙofa ba, ga abin da za ta iya da ragowar ruwan buta. Wadda ta samu ta tsinka wa maƙwabciyarta, domin yawan tsinka shi ke sa ta ƙara yaɗo. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kuma sa wa kasuwa albarka.