Bayan An Watse Daga Zaman Makoki



Kun san yadda a kan yi in an yi rasuwa. Kwana uku gida cike da masu gaisuwa. A yi sadakar bakwai, a yi ta arba'in, sa'an nan kowa ya koma sha'aninsa. To, a nan ne mai rashi ya kan fara jin nauyin abin da ya same shi.

A ce ga mai sayar da goro, matarsa ta rasu. Ran jana'iza ko hawaye bai yi ba, har ana kallonsa. Kada ku ce taurin zuciya ne. Zuciya ta kan sandare da fari, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, sai daga baya zafi ya zo. Ya koma rumfa, ya ƙirga ƙwarya ɗaya sau uku, ya ba da canji ba daidai ba. Tuwo ba ya shiga, barci ba ya zuwa. Wata rana ya hangi zane irin nata cikin taron kasuwa, gabansa ya faɗi. Da dare ya ji kamar muryarta a tsakar gida. Mutane da yawa sun ji irin wannan, suka ɓoye don kada a ce sun taɓu. Hankalinsu lafiya lau, sabo ne na shekaru.

Fushi ma ya kan zo, da zargin kai: "Da na kai ta asibiti da wuri!"

Waɗansu su kan ce kuka rashin bangaskiya ne. Amma Ibrahim ya yi kuka saboda Saratu. Yesu kuma ya zub da hawaye a Baitanya saboda Li'azaru, ko da shi ke ya san zai tashe shi.

A 1969 wata likita a Amurka, Elisabeth Kübler-Ross, ta lasafta matakai biyar na baƙin ciki, amma ga marasa lafiya masu jiran mutuwa ta gan su. Mai rashi ba ya bin su bi da bi. Abin ya kan lafa, ya komo ran salla ko ran Kirsimeti.

Amma in shekara ta wuce mutum ya kasa fita kasuwa, a kai shi wurin likita. In kuwa ya fara zancen kashe kansa, kada a jira gobe. Kai kuma maƙwabcin rumfarsa, ka taya shi lissafi, in ya ambaci sunanta kada ka sake zance.