Gadali: Rumbun Abinci a Ƙarƙashin Ƙasa

Da saukar ruwan farko, wajen watan Yuni, akan ga wani farin fure mai ratsin ja ya ɓullo a fadamun ƙasar Illela, inda ƙasa ta shafe wata bakwai a bushe. Wannan shi ne gadali, ko albasar kwaɗi, wanda masana tsirrai ke kira Crinum ornatum. To, ina ya samo ƙarfin yin fure da wuri haka?

Ɗalibi ya raba albasar miya biyu ya duba. Ɓawon nan mai hawa-hawa gindin ganye ne da ya kumbura da abincin da tsiron ya tara, tohon kuwa yana kwance a tsakiya. Shi ya sa manoman Galmi, gabas da Birnin Ƙonni, suke sake dasa kan albasa idan suna neman iri. Haka kan gadali yake, rumbu ne cike da tanadin bara.

Mai son shuka shi a makarantar Darna Sabon Gari, ko a tsakar gida, sai ya huda gindin tukunyar ƙasa, ya cika ta da rairayi haɗe da ruɓaɓɓen taki, ya binne kan, ya bar wuyansa a waje. Kuskuren da aka fi yi shi ne yanke ganye da zarar fure ya bushe, alhali a lokacin ne ganyen yake cika rumbun baɗi. Idan ganyen ya yi rawaya da kansa, a rage ban ruwa har damina ta dawo.

Malamai su ja kunnen yara: kan gadali yana ɗauke da dafin likorin mai sa amai da zawo. Kada a ajiye shi kusa da albasar miya.