Idan Na'urar Hoton Ƙashi Ta Tsaya

Zuciyar na'urar hoton ƙashi, wadda ma'aikatan asibiti ke kira eksire, kwalba ce da aka zuƙe iskar cikinta. Wilhelm Rontgen ne ya gano hasken eksire a Jamus a 1895, amma tsarin kwalbar da ake amfani da ita har yau na William Coolidge ne, ɗan Amurka, tun 1913. A gefe guda na kwalbar akwai siririyar waya da ake zafafawa, a ɗaya gefen kuma faifai mai fuskar ƙarfen tangistin. Idan aka saki lantarki mai ƙarfin bolt 40,000 zuwa 150,000, sai ƙwayoyin lantarki su taso daga wayar su daki faifan, hasken ya fito.

Abin da kowane mai gyara yake riƙewa shi ne, kusan kashi 1 cikin 100 na wannan ƙarfi ne kawai ke zama haske. Sauran duk zafi ne. Shi ya sa aka zaɓi tangistin, wanda ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 3,400, aka sa faifan yana juyawa kusan sau 3,000 a minti, aka kuma nutsar da kwalbar cikin mai.

Duk da haka, kuskure ne a fara zargin kwalba, domin tana cikin kayan da suka fi tsada. Gogaggen injiniya daga bango yake farawa. Wuta na zuwa daidai? Fis bai ƙone ba? A asibitocinmu da ake sauyawa tsakanin wutar gari da janareta sau da yawa a rana, wannan tambaya ba ƙarama ba ce. Daga nan sai ya duba makunnin ƙofa, domin wasu ɗakunan an haɗa su yadda na'ura ba za ta saki haske ba muddin ƙofa a buɗe take. Sai madannin hannu, wanda wayarsa kan tsinke ta ciki saboda yawan ja. Ƙurar hunturu ma kan toshe fanka har na'ura ta ɗau zafi ta kashe kanta.

Madannin nan hawa biyu gare shi, kuma a nan kunne ke aiki. A dannawar farko faifai ke fara juyawa. Idan ba a ji ƙararsa ba, matsalar na wajen injin da ke juya shi. Idan ƙarar ta koma gurnani, boris ya cinye, kwanan kwalba ya kusa ƙarewa. Idan kuwa a dannawa ta biyu aka ji ƙas-ƙas na tartsatsi, to ko dai giris ɗin bakin manyan wayoyi ya bushe, ko kuma tururin tangistin ya taru a jikin gilashi saboda tsufa. Na farko gyaran ƙaramin kuɗi ne, na biyu sai sabuwar kwalba. Da yawa daga wannan asara ana kauce mata idan aka ɗumama kwalba da ƙaramin ƙarfi kowace safiya, domin faifai mai sanyi kan tsage idan zafi ya same shi farat ɗaya.

Ni a ganina, na'urar da ta mutu murus ba ta kai mai aiki a karkace haɗari ba. Idan fitilar da ke nuna inda haske zai sauka ta goce, ko ƙarfin da ke fita ya saɓa wa wanda aka saita, hoto zai lalace, a sake ɗaukar majiyyaci, jikinsa ya sha haske ninki biyu ba gaira ba dalili. Ido ba ya ganin wannan haske, sai na'urar awo. Saboda haka gyara bai kammala ba sai an auna, kuma a Najeriya hukumar NNRA ce ke da alhakin sa ido kan irin waɗannan na'urori.

Mai karatu, ko da kana da hannu a gyaran rediyo ko talabijin, kada ka buɗe wannan na'ura. Kafasitocinta kan riƙe lantarkin da zai iya kashe mutum bayan an zare ta daga bango. A kira wanda ya koyi aikin.