Laimar Ruwa a Mashigar Chesapeake

A gabashin Amurka, tsakanin jihohin Maryland da Virginia, akwai wata mashigar ruwa mai faɗi da ake kira Chesapeake, inda kogin Susquehanna da wasu koguna suke kwararo ruwan daɗi ya gauraya da na bahar, har ya zama ba shi da zaƙin kogi, bai kuwa kai ɗacin teku ba. A cikin wannan ruwa ne wata halitta take rayuwa wadda Turawa suke kira jelifish, mu kuwa sai mu ce laimar ruwa, gama siffarta ke nan: ba ƙashi, ba jini, ba ƙwaƙwalwa, galibin jikinta ruwa ne, sai igiyoyi masu harbi da take ja a bayanta.

Masu wanka sukan gan ta daga Yuni zuwa Satumba, su sha harbi, su zaci baƙuwa ce daga teku, alhali kuwa 'yar gida ce. Idan ta yi ƙwai a ƙarshen zafi, tsutsar da ta fito takan sauka ƙasa ta manne a jikin ɓawon ƙumba, ta zama wani ɗan tsiro da bai kai ƙwayar gero ba. Iyayen su mutu da shigowar sanyi, shi kuwa ya yi ta haƙuri cikin duhu tsawon hunturu, in hali ya tsananta ma ya dunƙule ya yi kamar matacce. Sa'ad da ruwa ya ɗumama wajen watan Mayu, sai tsiron ya rarrabu falle-falle kamar faifai bisa faifai, kowane falle ya ɓalle ya yi iyo, cikin 'yan makonni ya zama cikakkiyar laima. Ni dai ban san wata aya ta halitta da ta fi wannan sa mutum tafakkuri kan tashi bayan mutuwa ba.

Amma sharaɗin laimar gishiri ne. Ruwan teku yana da gishiri kimanin kashi 35 cikin 1,000, ita kuwa ta fi son tsakanin 10 da 20. Shekarar da ruwan sama ya yi yawa, koguna suka tsarma mashigar, sai ta yi ƙaranci, shekarar fari kuwa ta yawaita har can cikin koguna.

A 1966 majalisar dokokin Amurka ta kafa doka don neman hanyar rage ta, saboda kukan masu wanka. Daga baya ma'abota bincike suka gane cewa tana cinye wata halitta mai kama da ita marar harbi, wadda ita ke haɗiye 'ya'yan ƙumba, ƙumbar da masunta suke ci da iyalinsu daga gare ta, wadda kuma ɓawonta ne shimfiɗar ɗan tsiron nan a lokacin hunturu.