Cinikin Tsofaffin Motocin Alfarma a Amurka

A Amurka akwai kasuwa ta musamman ta tsofaffin motocin alfarma irin su Cadillac da Lincoln da Packard. Masu sayensu ba don zirga-zirga suke nemansu ba. Wasu sha'awa ce ke jansu, wasu kuma ajiyar kuɗi suke yi. Ana sayar da irin waɗannan motoci ta hannun dillalai ko a wurin gwanjo, kamar wanda kamfanin Barrett-Jackson ke yi a garin Scottsdale, jihar Arizona, a watan Janairu.

Abu na farko da mai saye ke dubawa shi ne nisan tafiyar da motar ta yi. Ana auna shi da mil, kuma mil ɗaya ya kai kimanin kilomita 1.6. Sai dai agogon tafiya na yawancin motocin wancan zamani yana komawa sifiri bayan mil 99,999. Don haka motar da ke nuna 20,000 tana iya kasancewa ta yi 120,000. Shi ya sa ake neman takardun mallaka da rasidin gyara. Ana kuma duba kujeru da fenti, a leƙa ƙarƙashin motar ko akwai tsatsa. An fi son motocin jihohi masu busasshen yanayi, domin a arewacin ƙasar ana zuba gishiri a hanya lokacin ƙanƙara, gishiri kuwa yana cin ƙarfe. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama.

Amma ƙarancin tafiya kaɗai ba ya sa mota tsada. Labarin Cadillac Eldorado mai rufi mai naɗewa ya nuna haka. A shekarar 1976 kamfanin ya tallata ta a matsayin irinta ta ƙarshe a Amurka, ya ƙera guda 14,000. Mutane da yawa suka saya suka kulle a gareji, suna jiran farashi ya hau. A 1984 sai kamfanin ya sake fito da Eldorado mai irin wannan rufi. Wasu daga cikin masu ajiyar suka kai ƙara kotu, amma ba su yi nasara ba. Tun da an adana da yawa, samun mai ƙarancin tafiya bai zama abu mai wuya ba, ribar da aka yi tsammani kuma ba ta zo da wuri ba.

Dogon zama ma yana lalata mota. Robobi suna bushewa, man fetur yana lalacewa a tanki, birki yana cijewa, tayoyi suna tsattsagewa. Saboda haka mai saye da ya san abin da yake yi yakan kawo makaniki, ya kuma ware kuɗin gyara kafin ya taya.