Gadar Furanni da Motar Bas: Darasi Daga Wani Ƙaramin Gari a Amurka

A yammacin jihar Masachusets ta ƙasar Amurka akwai wani ƙauye da ake kira Shelburne Falls, wanda kogin Deerfield ya ratsa ta tsakiyarsa, rabinsa a garin Shelburne, rabi kuma a garin Buckland. Mutanen Shelburne ba su kai 2,000 ba, amma duk shekara baƙi na tururuwa can domin ganin wata gada da aka shuke da furanni daga wannan gaɓa zuwa waccan. Tarihin wannan gada ne ya sa na ɗauki alƙalami yau, domin a cikinsa na ga wata tambaya da ta shafi kowane ƙaramin gari: me ake nufi da adana gari?

A shekarar 1896 wani kamfani ya fara zirga-zirgar taragon lantarki tsakanin ƙauyen da masaƙun garin Colrain. A 1908 ya gina gadar ta kankare domin taragon ya riƙa tsallaka kogin da kaya da fasinja zuwa tashar jirgin ƙasa. Da motoci suka yawaita, ciniki ya ja baya, kamfanin ya durƙushe a 1927. Gadar ta zama kufai, ciyawa ta cinye ta, kuma rushe ta bai yiwu ba saboda tsada da kuma bututun ruwan sha da ke bi ta cikinta. Sai a 1929 ƙungiyar matan ƙauyen ta tashi tsaye, ta zuba ƙasa, ta shuka furanni. Shi kuwa tarago mai lamba 10, shekara da shekaru ya yi a wata gona yana zaman akurkin kaji, kafin a gyara shi a ajiye a gidan tarihin ƙauyen. Ke nan an ceci gada, an ceci tarago, amma sufurin da aka yi su dominsa ya tafi.

Mai karatu, wannan bambanci har yau yana nan a dokokin jihar. A shekarar 2000 aka kafa dokar adana al'umma, wadda ta ba kowane gari damar ƙara abin da bai wuce kashi 3 cikin 100 ba a kan harajin gidaje da filaye, muddin mazauna garin sun amince ta hanyar ƙuri'a. Gwamnatin jiha na ƙara nata kason daga kuɗin rajistar takardun filaye. Dokar ta wajabta ware aƙalla kashi 10 ga kowanne daga cikin abubuwa uku: filayen da ba a so a gine, wuraren tarihi, da gidaje masu rahusa. Wani kwamiti na 'yan gari ke tace buƙatu, taron gari kuma ya yanke hukunci. Sama da rabin garuruwa 351 na jihar sun rungumi dokar, Shelburne ma ta shiga sahu a 2022. Sai dai ko sisin kwabo na wannan asusu ba a yarda a biya direban bas ko a sayi mai da shi ba.

Motar bas tana da tata hanyar daban. Wata doka ta 1973 ce ta ba da damar kafa hukumomin sufuri na yankuna a wajen birnin Boston, waɗanda yanzu sun kai 15. Wadda ke kula da wannan yanki tana da hedikwata a Greenfield, inda asibiti da kwalejin yankin suke, tana kuma ɗauke da nauyin garuruwa kusan 40 da suka warwatsu cikin tsaunuka. Kuɗinta na fitowa daga kasafin jiha, da tallafin gwamnatin tarayya, da gudummawar garuruwa. Su kuwa garuruwan hannunsu a ɗaure yake, domin wata doka ta 1980 ta hana su ƙara jimillar harajin gidaje da fiye da kashi biyu da rabi a shekara, sai da ƙuri'ar jama'a.

Ko shakka babu an samu sauƙi. A 2022 masu zaɓe a jihar suka amince da ƙarin harajin kashi 4 kan kuɗin shigar da ya haura dala miliyan 1, domin ilimi da sufuri, kuma a 2024 aka ware wani kaso daga ciki har yawancin hukumomin yankuna suka daina karɓar kuɗin mota. Amma majalisa ce ke yanke wannan rabo shekara bayan shekara. Abin da ta bayar bana tana iya ragewa baɗi.

A nan ne damuwata take. Gyaran rufin tsohon gini aiki ne da ake yi a gama, a kira 'yan jarida, a yanka ƙyalle. Motar bas kuwa kullum sai an ciyar da ita, kuma ba wanda ke rubuta sunansa a jikin allo don ta fito a kan lokaci. Masu shigarta su ne tsohuwar da ido ya hana ta tuƙi, da ɗalibin kwaleji, da ma'aikacin da albashinsa bai kai sayen mota ba. Idan aka gina wa irin waɗannan gida mai rahusa a ƙauye, alhali babu motar da za ta kai su wurin aiki ko asibiti, an yi tufka da warwara. A hankali za su tattara su koma birni, a bar ƙauyen ga masu hali da 'yan yawon buɗe ido.

Ban ce a taɓa kuɗin adana tarihi ba, domin asusun ma ba shi da ƙarfin da yake da shi a da. Har zuwa 2007 jiha na biyan daidai abin da gari ya tara, daga baya kason ya ragu sosai. Abin da nake cewa shi ne, dabarar da ta yi wa gine-gine rana ita ce ta kamata a ara wa motar bas: asusu tsayayye, mai tushe sananne, wanda 'yan gari ke da ta cewa a kansa. Matan da suka shuka furanni a 1929 sun yi iyakar abin da ke hannunsu. Waɗanda ke zama a taron gari yau suna da dama fiye da tasu, kuma kafin su amince da ginin gida ko gyaran wani tsohon ɗaki, ya dace wani ya miƙe ya tambayi yadda mazauna wurin za su isa Greenfield da safe su dawo da yamma.