Ƙari a Kan Da'awar Ƙirƙira Bayan An Shigar da Takarda

Takardar mallakar ƙirƙira, wadda gwamnati ke bai wa wanda ya ƙago sabuwar fasaha domin ya keɓanta da cin moriyarta na shekara 20, tana tsayawa ne a kan bayani da da'awa. Bayani shi ne cikakken kwatancin abin da aka ƙago, ita kuwa da'awa jimloli ne masu lamba da ke shata iyakar kariyar da ake nema, kamar yadda ake shata iyakar gona. Rikici yakan taso idan mai nema ya gyara da'awarsa yayin da ake binciken abubuwan da aka riga aka sani, ya kuma cusa wani abu da babu shi a bayanin da ya miƙa tun farko.

Misali, maƙeri a Rigachikun, a bakin hanyar Kaduna zuwa Zariya, ya nemi kariya a kan injin ɓare masara, bayan wata huɗu kuma ya lura cewa fanka tana kore ƙaiƙayi, sai ya saka ta cikin da'awar. Da za a amince masa, da fankar ta ci gajiyar ranar da aka shigar da takardar farko, alhali a wannan ranar bai ma yi tunaninta ba, kuma duk wanda ya ƙago irinta a tsakanin nan an zalunce shi ke nan, domin da ranar shigarwa ake auna wanda ya riga wani.

Saboda haka Yarjejeniyar Haɗin Kai kan Mallakar Ƙirƙira ta 1970, wadda Nijeriya ta shiga a 2005, ta jinkirta gyaran da'awa har sai rahoton bincike ya fito, kuma sashenta na 19 ya hana gyaran ya wuce abin da aka bayyana tun asali. Idan ya wuce, jami'in da ke yi wa takardar jarrabawar share fage a ƙarƙashin yarjejeniyar yakan rubuta rahotonsa tamkar ba a yi gyaran ba, ya kuma faɗi dalili. Ofishin mallakar ƙirƙira na Turai da na Amurka ma ba sa karɓar irin wannan ƙari.

A gida ne lamarin ya fi damun mai lura. Dokar Nijeriya ta 1970 ta shar'anta cewa kada da'awa ta zarce iyakar bayani, amma magatakardan ofishin mallakar ƙirƙira da ke Abuja cikar takardu kawai yake dubawa, ba ya binciken sabuntar fasahar, kuma dokar da kanta ta ce ana ba da takardar ne ba tare da tabbacin ingancinta ba. Da'awar da ta zarce bayaninta tana iya wucewa shiru, mai ita ya zuba jari yana ganin ya tsira, sai ranar da abokin hamayya ya kai ƙara Babbar Kotun Tarayya a soke ta, ko ranar da ya nemi kariya a waje a ƙi amincewa da ƙarin. Hanyar da doka ta bar wa maƙerin ita ce ya shigar da sabuwar takarda a kan fankar, mai ɗauke da tata ranar, tun kafin ya fito da injin kasuwa, domin baje shi ga jama'a yana iya kashe sabuntarsa.